Na Je Tawa Neman Faransanci, Aka Ba Ni Buzanci

Tun da na dawo daga ƙasar Nijar, mutanen majalisarmu ta bakin kasuwar Bukkuyum ba su bar ni na sha ruwa ba. Duk hutun da na zo gida sai an tare ni da tambaya: wai da gaske ne gwamnati ta tura ni karatu na ɓuge da shan shayi? Wai da gaske ne raƙumi ya kusa cire mini kai? Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba, har na ji ana cewa garken raƙuma ne guda ya bi ta kaina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya huta.

Ni malamin Faransanci ne a wata sakandaren maza da ke Gummi. Yadda aka koya mana haka muke koyarwa: a cika allo da rubutu, malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi har makwabtan aji su yi ƙorafi. Amma da zarar yara sun kai lokacin zaɓen darussa a aji uku, sai su watse su bar ni da 'yan tsiraru. Ana gab da dogon hutun damina Firinsifal ya kira ni ofis.

"Malam Umaru, zamna," in ji shi. "Ni ba ni da gaba da darasinka, amma ɗiyan ga ba su son shi, ga shi kuma ba ni da malamin Labarin Ƙasa. Ƙarshen zangon ga mai zuwa ni da kaina za ni shiga aji ukku in tambaye su. In rabin aji sunka ce suna so, shi ke nan. In ba su kai ba, in cire shi daga makaranta, ka koma zanen taswira."

Na fito raina a ɓace ƙwarai, don ina son harshen nan kamar me, kuma na san in aka cire shi ba mai sake dawo da shi. Ana cikin haka sai ga labari daga ma'aikatar ilimi a Sakkwato cewa an sa sunana cikin malaman da za su je kwas ɗin hutu a Tawa, can ƙasar Nijar. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. A raina na riga na ƙudurta zan dawo da sababbin littattafai da Faransanci mai santsi wanda zai sa yara su bi ni.

Da na je sallama, Inna ta dube ni ta ce, "Kai da kac ce can ma Hausa sukai, mi za ka koyowa?" Ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da yaji a tsumma, ta ƙara da cewa, "Kak ka ci abin da ba ka san sunanai ba."

Abokin tafiyata Malam Lawali ne, malamin Faransanci a Anka. Dogo ne, ɗan gayu, kuma ko gaisuwa zai yi sai ya shaƙe hanci ya yi ta da Faransanci. Ya iske ni a tashar Gummi cikin farin kaftani da sabon takalmi, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka shiga bayan akori-kura tare da mata masu daddawa da wani Bafillace mai rago. Ba mu kai ga kwalta ba motar ta kafe a laka har gindi. Direba ya leƙo ya ce, "Duw wanda ad da gemu shi sauka shi tura." Lawali ya shafa haɓarsa ya ce shi ba shi da gemu. Wata tsohuwa ta ce, "Sauka dai, ɗan nan, mu mun ga gashin baki." Ya sauka. Taya ta juya sau ɗaya, kaftanin nan ya koma kalar kunun kanwa. Ina cikin yi masa dariya ashe ragon Bafillace ya samu ƙullin Inna, ya cinye ƙuli-ƙulin tas ya bar mini yaji. Mai ragon ya ba ni haƙuri da Fillanci, na amsa masa da Fillanci, muka zama abokai har Sakkwato.

Muka kwana a gidan wani kawun Lawali, da safe muka kama hanyar Illela, muka tsallaka Kwanni. Tun daga Gummi Lawali yake haddar jawabin da zai yi wa jandarman kan iyaka. Da muka isa gaban teburin, ya gyara tsayuwa ya saki Faransanci kamar mai karanta labarai a rediyo. Jandarman ya bar shi har ya kai aya, sannan ya duba takardarsa ya ce, "Kai ɗan Anka na? Ai uwata Bazamfara ta. Ina labarin gida?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Lawali bai sake yi mini magana ba sai da muka ci abinci.

A nan na fara ganin bambancinmu da su. Rana na tsaka sai aka rufe ofis, kowa ya tafi gida barci, har mai buga hatimin da muke jira. Mu a wajenmu ma'aikaci yakan sulale ne a ɓoye, su kuwa doka ce ta ba su. Muka zauna gindin bishiyar bedi muna cin wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ke yanka dasashi, har aka yi la'asar aka buɗe. Sannan muka samu motar Tawa.

Ranar da muka isa ma sai da na kwafsa. Muna tafe da yamma ina ɗauke da akwatina a ka, sai na ji an busa begila. Nan take gari ya tsaya cak: mai keke ya dire, mai tallan ruwa ta tsaya, har wani mai jaki ya riƙe jakinsa. Ni kuwa na ci gaba da tafiyata ina mamakin abin da ya same su. Wani dattijo ya fizgo rigata ya ce, "Tsaya, baƙo, tuta aka saukewa!" Na ƙame da akwati a ka, wuyana na rawa, har aka gama.

An sauke mu a ɗakin kwanan ɗaliban wata makaranta, su lakwal suke cewa. Gadajen ƙarfe ne da gidan sauro, mu 'yan Najeriya a gefe ɗaya, malaman Ingilishi na Nijar a ɗaya gefen. Da safe a ba ka kofi a kwano kamar koko, ka riƙa tsoma burodi. Da rana kafin shinkafa sai a kawo ɗanyen ganye da mai, wai shi ne buɗe ciki. Na tuna gargaɗin Inna, na tambayi sunansa, aka ce salati, na ce to tunda yana da suna bismilla. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne yadda suke kiran malami Mushe. Duk wanda ya ce mini Mushe Umaru sai na ce masa da raina tukuna.

Jagoran kwas ɗin wani Buzu ne, Mushe Agali, malamin Ingilishi wanda ya yi karatu har ƙasar waje. Ranar farko muka zauna da sababbin littattafan rubutu da biro, muna jiran a fara cika allo. Sai ga shi ya shigo da rawani har baki, yana riƙe da ɗan murhun waya da gawayi, da 'yar shuɗiyar buta, da ƙananan kofunan gilashi, da dunƙulen sukari. Ya yi mana magana da Faransanci sau ɗaya tak: kullum da safe ɗalibai ne mu, Buzanci zai koya mana, harshen da ba wanda ya iya a cikinmu. Ba rubutu, ba fassara, kuma kada wanda ya maimaita abin da ya faɗa. Da yamma ne za mu zauna mu tattauna a matsayin malamai.

Ya ɗaga ruwa ya ce, "Aman." Kafin ya rufe baki mu 'yan Najeriya mun amsa gaba ɗaya, "Aman!" har tantabarun rufin suka tashi. Ai jini ya riga ya saba, malam ba ya faɗa a yi shiru. Ya ɗaga yatsa ya girgiza kai. Ya sake faɗa, muka sake amsawa. Sai da ya zo ya tsaya a gabana ya kama leɓɓansa da yatsu biyu, sannan muka haƙura.

Daga nan ya shiga dafa shayinsa yana magana, duk abin da hannunsa ya yi bakinsa na faɗa. Ya zuba ruwa, ya faɗa. Ya fasa sukari, ya faɗa. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi, yana faɗa. Can sai ya faɗa bai motsa ba, ya zuba mana ido, sai ga wasu sun miƙe. Kalmomin ba su da yawa, amma yana juya su ta kowace fuska: ba wancan kofi, karɓo butar, ajiye ta ƙasa, zauna, tashi. Shayin kuma zagaye uku ne, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma a al'adarsu ba a tashi sai an sha na ukun. Ni da na kurɓi na farko na ce Alhamdu lillahi na ture kofin, sai da wani malamin Nijar ya taɓa ni ya ce in na ƙi na biyu na zagi mai shayi.

Aka yi kwana biyu ana wannan. Ga zango na matsowa, ga maganar Firinsifal a kunnena, ga ni zaune ina miƙa wa Lawali kofi. Da yamma na kasa daurewa na miƙe.

"Mushe," na ce, "ni darasina aka shirin cirewa daga makaranta. Hwaransanci niz zo nema. In na koma da shan shayi, mi za ni ce ma shugabana?"

Agali ya saurare ni har na gama. Hausarsa irin ta Adar ce, a hankali yake yin ta. Ya ce, "Malam, na ji ka kana gaisawa da masu nono bakin ƙohwa. Ina ka koyi Hillanci?"

Na ce a Gwashi, wajen kawuna, inda nake zuwa hutu ina yaro. Rugar Fulani na bayan gonarsa, can nake wuni.

"Wa ya rubuta ma shi ga allo? Wa yac ce ka maimaita?"

Na ce ba kowa. Aike na suke yi, kamo maraƙi, kawo ƙwarya, kore tumaki, har wata rana na ji ina ba su amsa.

"To, shi nika yi muku," in ji shi. "Yaro in ya ji magana ya gane ta, ya sake ji ya gane, bakinai da kanai za shi buɗewa. In kun tilasta mai tun bai gane ba, tsoro za shi koya."

Na koma na zauna. Amma ban yarda ba.

A kwanakin da suka biyo abin ya fara shiga jikina ban sani ba. Agali ya fara ba mu labari da Buzanci, na wani mutum da akuyarsa ta sha masa shayi, yana zane a allo yana kwaikwayon akuyar da rawaninsa. In ya yi tambaya, mu nuna da hannu ko mu gyaɗa kai. Wata safiya ya faɗi wata magana, sai na ji na fashe da dariya ni da wasu, don cewa ya yi a ɗora sukari a kan Lawali a zuba masa ruwa. Lawali bai yi dariya ba, don shi kowace kalma sai ya mayar da ita Faransanci a ransa tukuna, kafin ya gama an wuce wurin.

Ranar kasuwar Tawa muka je kallo ni da Lawali. Muka ratsa ta wajen raƙuma, muka tsaya gaban wata tsohuwar Buzuwa mai sayar da cuku, wato busasshen nono da suke yi fale-fale. Ina cikin ɗanɗanawa sai matar nan ta zaro ido ta daka mini tsawa da Buzanci. Wallahi ban yi tunanin komai ba, sai ji na yi na zube ƙasa daɓas cikin taɓo. Ashe wani raƙumi ne ɗauke da dogayen itacen bukka ya juya a bayanmu. Itacen ya wuce fuu ta inda kaina yake. Lawali kuwa yana tsaye yana neman fassara, itacen ya kwashe hularsa ya jefa cikin kwandon barkono, Allah ya kiyaye iya hular ya samu.

Ina zaune cikin taɓo abin ya faɗo mini. Cewa ta yi in zauna ƙasa, kuma na ji! Ba wanda ya fassara mini, ban taɓa rubuta kalmar ba, ban taɓa furta ta ba. Na miƙe ina dariya kamar taɓaɓɓe, na riƙa yi wa tsohuwa godiya da Hausa da Fillanci da Faransanci, ita kuwa tana kallona tana tsammanin itacen ya taɓa ni. Ban tsaya wanke riga ba na nufi gidan Agali da sauri. Ya ce in faɗa masa abin da ta ce. Na buɗe baki, abin ya fito a karkace. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce, "Ba komi. Wanda ya hisshe ka yau ya isa. Na bakin yana tahe." Sauran kwanakin kwas ɗin ni ne a layin gaba, da yamma kuma na hana shi sakat da tambayar yadda ake shirya irin wannan darasi daga mako zuwa mako.

Da muka dawo, na ga shayi ba namu ba ne, fura ce tamu. Na sayi ƙwarya da ludayi da faifai, na yi magana da wata Bafillatana mai kawo nono ƙofar makaranta. Ranar farko na shiga aji uku na ce a rufe littattafai, kada kowa ya amsa, na fara dama fura da Faransanci. Yara suka yi tsuru-tsuru suna kallon juna. Kafin mako ya zagayo suna tashi, suna zama, suna miƙa ludayi, suna buɗe taga, duk da Faransanci. Na shiga ba su labarin wani direba da motarsa ta kafe da ragon da ya ci guzurin malam. Rubutu sai daga baya na kawo shi, kuma abin da suka riga suka ji ne nake rubutawa su karanta.

Amma hankalina bai kwanta ba. Wasu yaran sun yi gunaguni cewa ba su da abin haddacewa. Firinsifal kuma yakan wuce ta taga ya ji tsit, can ya ji dariya. Wata rana ya tare ni ya ce, "Malam Umaru, aji ba amo, allo ba rubutu, sai damun hura? Wanga shi na abin da kunka koyo?" Na ce ya ƙara mini haƙuri. Ya ce haƙurinsa na nan har ƙarshen zango, kamar yadda ya faɗa.

Ranar ta zo. Ya shigo da kansa, yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya yi musu bayani da Ingilishi, ya maimaita da Hausa, ya ce shi a ganinsa Labarin Ƙasa ya fi musu amfani, amma zaɓi nasu ne. Sannan ya ce mai son Faransanci ya ɗaga hannu. To, mu a wajenmu yaro ba ya ɗaga hannu ya saɓa wa babba ido da ido, balle babban ya riga ya faɗi ra'ayinsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tebur. Hannu biyu ko uku suka ɗan taso iya kafaɗa, suka koma.

"To, ka gani da idonka," in ji Firinsifal, kuma na ji tausayi a muryarsa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni izini in tambaye su sau guda da bakina."

Ya ce bismilla. Na juya na fuskanci yaran, na sa hannuwana a baya don kada a ce na yi nuni, na yi magana da Faransanci a hankali. Magana ce doguwa wadda ban taɓa haɗa musu irinta ba. Na ce wanda yake so mu ci gaba baɗi ya tashi, ya ɗauki kujerarsa, ya fita ba surutu, ya ajiye ta a inuwar mangwaron da ke bayan aji, ya zauna ya jira ni. Wanda ba ya so kuma ba laifi, ya zauna inda yake ya ɗora hannu biyu a ka.

Can sai na ji ƙarar kujera daga baya. Sai wata, sai wata. Yara suka yi layi suna fita ɗaya bayan ɗaya, kowa da kujerarsa, ba mai kallon Firinsifal, ba mai cewa uffan. Shi da kansa ya matsa ya ba su hanya. Kafin a jima ajin ya koma fili, sai 'yan kaɗan a warwatse, kowannensu da hannu biyu a ka.

Firinsifal ya daka musu tsawa, "Kai, ku sauke hannuwanku! Wa ya mutu?"

Ɗaya daga ciki ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, Malam na yac ce wanda ba ya so shi ɗora hannu ga kai."

"Da wane harshe yac ce?"

"Da Hwaransanci."

"Kai da ba ka so, kai ma ka ji?"

"Na ji, ranka shi daɗe."

Firinsifal ya taka zuwa taga ya daɗe yana kallon waje. Sannan ya juyo ya dube ni, ya girgiza kai yana murmushi, ya ce, "Ni kaɗai na ban ji ba ke nan cikin ɗakin ga. Tai ka iske ɗiyanka, Malam Umaru, inuwar ba ta ishe su ba."

Na fita na iske su. Sun jera kujeru har cikin rana, suna jirana. Na buɗe baki in fara darasi, sai hawaye. Wani daga gaba ya dube ni, ya ture mini kujerarsa, ya ce mini da Faransanci, ba wanda ya sa shi, "Malam, zauna."